Ɗiyar Wata da Tsakar Rana

Tun gari bai gama wayewa ba Briseida ta sa wa 'yarta Nadili riga mai dogon hannu, ta ɗora mata wata rigar a sama, ta ja mata malafa har gira. Yarinyar ta tsaya shiru kamar yadda ta saba, tana ƙifta fararen gashin idonta. Shekararta tara, zabiya ce, kuma rabonta da ƙofar bukka da rana tsaka tun tana rarrafe.

Kakarta na zaune bakin murhu tana kankare kwakwa. "Ina za ki kai min ita a wannan shiga, kamar mai zuwa ɗiban zuma?"

"Wurin likita, Mama. Akwai likitar fata cikin baƙin yau."

"Ɗiyar wata ce. Ba abin da zai same ta."

"Olo ma ɗan wata ne."

Tsohuwar ta ci gaba da kankare kwakwarta.

Olo yayan Briseida ne, shi ma zabiya. Duk sanda wata ya yi husufi, mutanen tsibirin kan shige ɗaki, shi kaɗai yake fita da kwari da baka ya harbi dodon da ke cin watan, don wannan aikin zabiya ne a wurin ƙabilarsu ta Guna, masu kiran zabiya 'ya'yan wata. Kowa na girmama shi. Amma girma ba ya cika tukunya, da rana yake fita kamun kifi kamar kowane namiji. Wani ɗan ɓawo ya fito masa a saman kunne, ya zama gyambo, ya cinye kunnen, ya gangara wuya. Briseida ce ta riƙa wanke masa har ya rasu. Yanzu ga irin ɓawon nan a kunnen Nadili na hagu, tun kafin damina. Sun taɓa kai ta asibiti a birnin Panama, suka wuni a layi, aka ce su dawo wani lokaci.

Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da Briseida ke wa girki yana tsaye bayan tsibirin, fari fat, ciki biyu da rumfa a tsakani, ga raga shimfiɗe a gaba inda baƙi ke kwanciya su sha iska. Kyaftin Anselmo na ganinsu ya dafe ƙirji.

"Ƙanwata, na ce miki akwai likita, ban ce ki buɗe min asibiti a jirgi ba."

"Kai ka faɗa min, kai ka jawo."

"Bakina ne zai kashe ni." Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin malafar. "Gimbiya, kina ciki kuwa, ko riguna ne kawai suka zo?"

Nadili ta yi murmushi ta ɓuya bayan uwarta.

Ya miƙe, wasan ya bar fuskarsa. "Ki saurare ni. Mutanen nan hutu suka zo. Kada ki tare matar nan da ciwo tun ba ta ci abinci ba. Sai an ci, an ƙoshi, mun juyo gida. Yarinya kuma ta zauna ƙasa."

"Ko ba ka faɗa ba, ƙasa za ta zauna."

Briseida ta saukar da Nadili ɗan ɗakin da ke jikin kicin, ta rataya tawul a tagar, ta ba ta ƙyalle da allura ta ci gaba da koyon ɗinkin mola, adon rigar matansu. Baƙi suka iso da hayaniyarsu. Anselmo ya ɗaga babban ƙyallen jirgin, iska ta cika shi, suka kama hanya.

Briseida ta gane likitar ba tare da an nuna mata ba, don ita kaɗai ce ta tsaya ta shafe 'yarta da man kare rana har bayan kunne. Amparo sunanta, daga Bogota ta zo. Tana da yawan dariya. Duk sanda Briseida ta fito da abarba ko ruwan sanyi, sai ta saci kallonta, ta maimaita a ranta abin da za ta faɗa, da Sifaniyanci mai kyau, ba kuka, ba roƙo.

Suka tsaya a tsibiri na farko, baƙi suka yi iyo, suka ɗauki hoton bishiyoyin kwakwa. Ɗakin ƙasa ya ɗauki zafi kamar tanda. Nadili ta jiƙe sharkaf.

"Mama, in cire riga ɗaya?"

"A'a."

"Ai ba rana a nan."

"Na ce a'a. Sha ruwa."

Rana na tsaka Anselmo ya saki anka a wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba, farin yashi a ƙasa, ba tsibiri ba inuwa, sai taurarin teku, halittun nan masu siffar tauraro, baje ko'ina. A nan ake cin abinci. Briseida ta shiga hidimar da ba ta barin mutum ya ɗaga kai: kifi a mai, shinkafar kwakwa na neman kamawa, soyayyar ayaba, wani baƙo ba ya cin kifi, wata tana son nata ba gishiri. Ta hau, ta sauka, ta hau, ta sauka. Da ta ajiye farantin ƙarshe ta leƙa ɗakin don ta ba Nadili nata.

Ƙyallen mola na kan gado, allura soke a jiki. Tawul ɗin taga ya faɗi.

A kan raga ta ga malafar, da rigunan nan biyu a naɗe da kyau, kamar yadda ta koya mata. Sai ta ji dariya daga cikin ruwa, wata dariya mai ƙarfi da ba ta san mai ita ba. Sai da ta duba da kyau. Nadili ce, daga ita sai 'yar shimi, kafaɗunta da bayan wuyanta a buɗe, gilashin nutso na 'yar likita a fuskarta. Ta tsoma kai, ta ɗago, ta yi ihu, ta sake tsomawa.

Briseida ba ta san sanda ta faɗa ruwan da zaninta ba. Ta fizgo yarinyar, ta rufe ta da jikinta, ta jawo ta zuwa tsanin jirgi.

"Tun yaushe? Tun yaushe kike nan?"

"Mama, kifayen—"

"Rufe min baki! So kike ki kashe ni?"

Baƙi suka yi tsit da cokula a hannu. Anselmo ya ƙara sautin kiɗa, ya ce wa kowa akwai sauran kifi. Likita Amparo ce ta taso ta biyo su ƙarƙashin rumfa, tana goge hannu.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. 'Yata ce ta jawo ta, ban lura ba. Bari in gani."

Duk maganar da Briseida ta shirya ta gudu. Ta juya kan Nadili kawai, ta nuna kunnen.

Likitar ta daina murmushi. Ta taɓa ɓawon da ɗan yatsa, ta matso da fuskarta. Sannan ta ɗage gashin yarinyar ta duba ƙeya, ta duba goshi, da bayan hannuwa, da leɓen ƙasa. Ta daɗe.

"Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a gidanku?"

"Yayana."

"Yana ina?"

Briseida ta girgiza kai.

"To. A ganina wannan bai kai can ba tukuna. Ana iya cire shi, aikin ɗan lokaci ne, in an samu kayan aiki."

Briseida ta fara godiya.

"Amma kawo yatsanki." Likitar ta kama hannunta ta ɗora a ƙeyar Nadili. "Kin ji kaushi? Ga wani. Ga wani nan ma a hannu. Ido bai fara ganinsu ba. In an cire ɗaya, wani zai fito."

"Ba ta fita, likita. Yau ne kawai. Kullum tana ɗaki."

"Na yarda. Kin yi ƙoƙari ƙwarai, da ba haka ba da ya fi wannan. Amma bangonku na kara ne, ko? Haske na shiga. Ruwa na maido rana, farin yashi na maido ta. A wurin nan ko inuwa ba inuwa ba ce ga irin fatarta. Dole a riƙa duba ta a kai a kai, har iya rayuwarta. In da hali, ta bar bakin teku."

"Ta koma ina?"

 Likitar ta duba ruwan da ya kewaye su ta ko'ina. Sai ta jawo jakarta ta fito da kwalbar man kare rana, an sha rabinta, ta danƙa mata.

"Ina da ƙawa a Panama. Zan yi mata magana."

Briseida ta yi godiya. Ba yau ta fara jin baƙi suna da ƙawa a Panama ba.

Da la'asar suka juyo. Baƙi sun gaji, sun baje a raga. Anselmo ya leƙo bayan jirgi inda take zaune da yarinyar a cinya, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga kafaɗun Nadili, jajur kamar dafaffiyar ƙaguwa, har sun fara tasowa. Ya koma ya kawo ƙanƙara a kwano, ya ajiye, ya tafi.

Briseida ta riƙa jiƙa tsumma tana dannawa a hankali. Jikin yarinyar ya yi zafi, tana rawar ɗari, amma bakinta bai tsaya ba.

"Mama, kin san kifi yana da launi? Ba irin wanda kike soyawa ba. Akwai shuɗi, akwai mai zane ruwan ɗorawa. Ɗaya ya zo har hancina. Ban taɓa ganin abu sosai haka ba."

"Yi shiru ki huta."

"'Yar likita ta ce in riƙe gilashin, na zama nawa. Bayan gidanmu ma akwai kifin nan, ko? Wurin da Kawu Olo ke ɗaure kwalekwalensa?"

Briseida ta sake jiƙa tsumman. Gobe da sassafe za ta dawo jirgin nan, da jibi, da gata. Bukkarsu ba ta da ƙofar kullewa. Tsohuwa na gyangyaɗi da rana, kuma ko idonta biyu cewa za ta yi ɗiyar wata ce. Shekara tara tana tsare yarinyar nan da abu ɗaya, rashin sanin abin da ke waje, yau kuma da hannunta ta kawo ta ta gani.

Da idanun Nadili suka rufe, sai ta zare gilashin daga hannunta a hankali. Ta miƙa hannu ta bayan jirgi, inda ruwa ke tafasa yana barin farin kumfa, ta sake shi. Ya yi ɗan iyo, ya ɓace.

"Ba komai, Mama," in ji Nadili, ba ta ko buɗe ido ba. "Na gwada babu shi. Ina iya buɗe ido a cikin ruwa."

Tsibirinsu ya fara bayyana, rufin bukkoki a cunkushe, teku ta ci gabansa ta ci bayansa. Briseida ta ɗaga kwalbar man a hasken yamma don ta ga iya inda ya tsaya. Sannan ta matsa kaɗan a yatsa, ta shafa a kunnen hagu.