Gwajin Ɗakin Kati

Ranar Talata da hantsi Injiniya ya sake kunna gwajin da ya kashe da hannunsa wata bakwai da suka wuce, kuma ba don ransa ya so ba. Wasiƙa ce ta zo daga wani asibiti da ke amfani da manhajar kamfaninsu. Wani ma'aikacin ɗakin kati ya buɗe fayil ɗin wata mara lafiya, fayil ɗin da likita kaɗai ke da izinin gani, ya karanta, bakinsa kuma bai yi shiru ba. Manaja ta ajiye wasiƙar kusa da kofin shayinsa, ta ce, "Injiniya, kafin a tashi ina so in ji ta inda aka hau mu."

Gwajin ba wani abin a zo a gani ba ne. Yana kwaikwayon mutum biyu ne a kwamfuta ɗaya: likita ya shiga, ya buɗe fayil, ya fita, sai ma'aikacin kati ya shiga ya nemi fayil ɗin. Idan manhaja ta hana shi, allo ya nuna kore. Idan ta bar shi, ja.

Ya danna, kore. Ya sake dannawa, ja. Ya sake, ja. Ya sake, kore. Halinsa na da bai canza ba.

Wadda ta rubuta shi ƙanwar wani abokinsa ce, uwar 'ya'ya biyu. Shekara takwas ta yi a ɗakin kati kafin ta koya wa kanta rubuta manhaja a gida, ta ajiye aikinta ta zo kamfaninsu aka ɗauke ta aiki na gwaji, wata shida. Kowa a ofis gwajinsa kore shar, nata ne kawai yau lafiya gobe ciwo. Injiniya ne ya fara kiranta Danja a wani taro, saboda jan da gwajinta ke nunawa, aka bushe da dariya, suna ya bi ta. Ita ma ta yi dariyar, don ba ta da yadda za ta yi.

"Yaya, ruwa fa ba ya tsami banza," ta taɓa ce masa. "A inda na yi aiki, mutum huɗu ne a kwamfuta ɗaya. Likita na tashi, wani zai zauna, kujerar ma ba ta huce ba."

"Gwajin da yake faɗar magana biyu maƙaryaci ne," ya ce mata, ko ɗagowa bai yi ba. Injiniya mutum ne da ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, to nan ne matsalar take. Ya kashe gwajin a ranar. Da wata shida suka cika, ya rubuta wa Manaja layi biyu: tana da ƙoƙari, amma hannunta bai faɗa ba. Aka sallame ta.

Yanzu ga shi shi kaɗai da gwajin, babu wanda zai ɗora wa laifi. Manhajar tasu manyan kwamfutoci biyu ne ke ɗauke da ita, duk buƙatar da ta shigo sai ta faɗa kan ɗaya daga cikinsu. Ya sa gwajin ya riƙa faɗin wadda ta amsa wa likita da wadda ta amsa wa ma'aikacin kati. Ya juya wasiƙar asibitin, ya ja layi a bayanta, ya danna sau ashirin yana rubutawa. Sau goma sha ɗaya ja, kuma duk goma sha ɗayan babbar kwamfuta ɗaya ce ta amsa wa mutum biyun.

Daga nan bai sha wuya ba. Akwai wani sashe da ke riƙe izinin wanda ya shiga na minti goma, don kada a riƙa tambaya kowane lokaci aiki ya yi nauyi. Sai dai da kwamfutar da aka zauna a kai yake ɗaure izinin, bai damu da wanda ya zauna ba. Kowace babbar kwamfuta kuma nata take riƙewa, shi ya sa sai buƙatun biyu sun faɗa kan guda ake ganin ja. Ya duba sunan wanda ya rubuta sashen, ko da yake ya riga ya sani. Nasa ne. Har yabo ya sha a kansa shekara biyu baya.

Layi huɗu ya gyara. Ya danna sau hamsin, kore duka. Aikin bai kai awa uku ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo: awa uku ya hana wadda ta rubuta gwajin.

Bai ɓoye wa Manaja komai ba. Da ya gama ta ce, "Asibitin ni zan ji da su. Kujerarta kuwa har yau babu kowa a kai. Kai ka kore ta, kai za ka je ka dawo da ita."

Bayan la'asar ya hau benen gidan da take haya, hawa biyu, yana tsallake takalman maƙwabta. Ta buɗe ƙofa da tef ɗin awo a wuya.

"Lale da Yaya! Yau ɓatan kai ka yi?"

Falon ƙarami ne, keken ɗinki a bakin taga, ƙyallaye a ƙasa. Yaran biyu na kwance rub da ciki a kan darduma suna kallon katun a kwamfutar da ya san da ita take zuwa ofis. Ta kawo masa ruwa, suka gaisa, ya tambayi maigidan, ta tambayi matarsa, Anti, da mutanen gida. Sai da gaisuwa ta ƙare tas ya rasa mafaka, ya faɗa mata komai, har da sunansa da ya gani a kan sashen. Ya ce laifinsa ne, ya ce ta yafe masa, ya ce kujerarta na jira ranar Litinin.

Ya zaci za ta yi fushi, ko ta ce ai na faɗa maka. Da hakan ta yi, da ya ji sauƙi. Sai ta zauna a hannun kujera tana naɗe tef ɗin a yatsa.

"Wato daidai na yi?"

"Daidai kika yi. Ke kaɗai ce kika yi daidai a cikinmu."

"Ikon Allah." Ta yi ɗan murmushi. "Ni fa, Yaya, ban taɓa riƙe ka ba. Wata biyu na yi ina duba gwajin nan a gida, ina neman inda na yi kuskure. Da ban gani ba, sai na ce to rashin iyawar ce ta hana ni gani. Kai ne babba, kai ka san aikin. Na goge komai na ba yara kwamfutar."

"Za ki tuna. Sati biyu ya ishe ki."

"Wataƙila." Ta dubi keken. "Amma yanzu ko wuyan riga na yanka sai na auna sau uku, kuma sai na kira maƙwabciyata ta duba min. Da can ba haka nake ba. In na zo na ga ja, Yaya, ba zan iya buɗe baki in faɗa ba. Ku nemi wanda zai iya."

Ya miƙe. Ta raka shi bakin bene, ta ce ya gaida gida, ta koma ciki. Yana kan matakala ta uku ya ji keken ya tashi.