Unguwar da Ta Koma Kore

Da tsakar rana Auta ta iso shagon maganin yayanta, bakinta cike da albishir. A sashen bincike na ofishin magajin gari take aiki. Duk wanda aka kai asibiti da harbin bindiga, rahotonsa na zuwa teburinta, ta ɗiga shi a taswirar birni. Inda ɗigo ya yi yawa, can ake tura masu sulhu, tsofaffin 'yan daba da ke shiga tsakanin matasa kafin a kai ga ramuwa. Unguwar Yaya ta daɗe babu ɗigo, har ta koma kore a taswirar. Washegari majalisa za ta kwashe masu sulhun ta kai su wani wuri.

"Unguwarku ta warke, Yaya," ta ce.

"Allah ya sa," ya ce, bai ko ɗago daga kwalin da yake buɗewa ba.

Bai rufe baki ba bindiga ta tashi a bakin layi. Mata suka watse, babur ya faɗi yana ta ƙugi. Sai ga Dogo, wani bakanike, ya jawo abokinsa mai walda ta hammata zuwa cikin shagon, jini na tsartuwa daga cinyarsa yana wanke siminti.

Yaya ya ja ƙofar ƙarfe ya datse. Ya ɗage labulen baya. Auta ta ga gadon katako shimfiɗe da leda, almakashi a kwano, bokiti cike da auduga mai tsohon jini. Ba yau aka fara ba.

"Danna nan," ya ce mata, yana nuna raunin cinyar. "Da ƙarfi, ba shafa mai za ki yi ba."

Ta danna. Jinin da zafinsa, yana bulbulowa ta tsakanin yatsunta.

"Su nawa ka yi wa haka, Yaya?"

"Ban ƙirga ba."

"Me ya hana su asibiti?"

Dogo ya yi dariyar takaici. "Asibiti? Kafin a ɗaura maka ruwa an ɗaura maka ankwa a jikin gado. Malama, ke baƙuwa ce?"

Mai harbin bai tafi ba. Harsashi ya huda ƙofar, ya tarwatsa kwalaben da ke kan kanta, maganin tari ya malalo ya gauraye da jini. Suka kwanta a ƙasa, sai Yaya da ya tsaya a durƙushe ya ɗaure cinyar da tsumma yana murɗa ɗaurin da biro. Can suka ji babur ya tashi ya yi nisa.

Dogo ya zaro tasa bindigar daga ƙugu ya duba ta. "Na gane shi. Ba zai ga gobe ba."

Mai walda ya daina nishi. Leɓensa ya yi fari fat, idonsa na juyawa.

"Babbar jijiya ce," Yaya ya ce a hankali. "Ta fi ƙarfina."

Auta ta lalubo wayarta da hannu ɗaya. Ta san abin da kiran zai jawo. Motar asibiti ba ta zuwa kan harbi sai da 'yan sanda, kuma za su ga gadon, su ga bokitin. Lasisin Yaya na sayar da magani ne kawai. In kuma ta yi shiru, mutumin zai mutu a ƙarƙashin tafinta, ɗigo ba zai hau taswira ba, gobe a kwashe masu sulhu, Dogo ya fita farauta babu mai tare shi.

"Kada ki kira," Dogo ya ce, ya juyo da bakin bindigar. "Wallahi kada ki kira."

Yaya ya miƙe ya tsaya tsakaninsu. "Ƙanwata ce. Mayar da ita ƙugunka."

Yaya ya juyo ya dube ta. Shi ya goya ta, shi ya biya mata makaranta daga wannan kantar. Bai ce ta kira ba, bai ce ta bari ba.

Ta kira. Ta faɗi layin, ta faɗi shagon, ta ce harbi ne a cinya.

Dogo ya tofar da yawu, ya haura katangar baya. Yaya ya wanke hannunsa a famfo har gwiwar hannu, ya ciro makullan shagon ya zura mata a jaka.

"Ki kai wa matata. Ki ce kada ta jira ni da abinci."

Ya ɗaga ƙofar ƙarfen har sama, ya dawo ya durƙusa kusa da ita.

"Ɗaga hannunki, Auta, kin gaji. Ni zan danna."