Ƙwayar Ludo a Kwatar Lamashegu

Ranar Asabar ce a tsakiyar damina, tun da hantsi hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen unguwar Dungu. Majeed ya ajiye yalo-yalonsa, keken nan mai ƙafa uku da yake jigilar fasinja da shi, ya faɗa shagon Zakir mai gyaran waya a Lamashegu. In gari ya yi haka sukan zauna su yi ta nuna wa juna labaran zane na intanet, kowa na rantsuwa nasa ya fi.

"Bar wancan na mutanen ƙarfe," in ji Zakir. "Karɓi wannan ka ga ikon Allah."

A shafin farko wani maharbi ne siriri, da ƙugiya a ɗamara da tabo a gefen hanci. Majeed ya shafa nasa hancin. Ya ja shafi, sai ga kasuwar da ake sayar da inuwar mutane. Ya sake ja, ga rijiyar da ke zagin masu ɗiba da yaren Dagbanci. Ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Awudu Mai Ƙugiya ne," ya ce a hankali. "Ni na ƙirƙiro shi."

Kafin Majeed ya watsar da makaranta, wani malaminsu ɗan kudu, Ticha Nortey, yakan tara su a barandarsa bayan an tashi. Shi ke ba da labari, su kuma kowa da jaruminsa, marfin kwalba ke tsaya masa a kan kwali. In jaruminka zai yi abu mai haɗari sai ka jefa ƙwayar ludo ta yanke hukunci. Dokar Ticha guda ce: duk inda ƙwaya ta tsaya, ko cikin miya ne, nan ake karanta ta, ba a sakewa. Ranar ƙarshe Awudu na rataye da hannu ɗaya a gadar igiya bisa wani kogi, Majeed ya ɗaga ƙwayar ke nan kiran magariba ya watsa su. A satin aka mayar da Ticha kudu. Ƙwayar ta zauna a aljihun Majeed shekara da shekaru.

Shafin ƙarshe a wayar ma nan ya tsaya, Awudu na lilo. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu, wasu da Turanci, wasu da Faransanci, wasu da harafin da Majeed bai taɓa gani ba, duk suna tambayar makomar marfin kwalbarsa.

"Freda ce ke zanawa," in ji Zakir. Ya kira ta ta bidiyo. Abokiyar wasansu ce ta da, yanzu tana Kumasi.

"Majeed, ɗan yawo! Ina ka shiga?" ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Ni ba na iya zana gaba. Awudu naka ne. Ƙwaya yana wurinka?"

"Tana nan. Ki zana ya tsira kawai mana."

"Ka so Ticha ya zo da bulala? Ɗaya ko biyu, ya faɗa ruwa, labari ya ƙare. Shida, ya fita lafiya. Tsakani, ya fita amma kogi ya ci abu. Jefa!"

Ruwa ya kece a kan kwanon rufi. Majeed ya jefa da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙwayar ta doki teburin Zakir, ta yi tsalle ta ƙofa, ta faɗa kwatar da ke ambaliya.

"Akwai ludo gidan maƙwabciyata Lamisi," in ji Zakir, "bari in aro wata."

"Ba a sakewa!" Freda ta ƙwala ihu. "Ku bi shi!"

Majeed ya fita da gudu, Zakir na biye da waya cikin leda. Jan ruwa na mirgina farar ƙwayar, ta nutse ta ɓullo. Masu fakewa a rumfuna na kallon ƙatti biyu suna bin kwata. Silifas ɗin Majeed ɗaya ya tafi, bai waiwaya ba. Daf da inda kwatar ke shigewa ƙarƙashin titi, ƙwayar ta maƙale a jikin wani guntun bulo. Ya durƙusa cikin ruwan, ya share idonsa.

"Huɗu! Freda, huɗu!"

Zakir ya kanga wayar don Freda ta gani da idonta. Majeed ya miƙa hannu, ruwan ya riga shi, ƙwayar ta shige duhu.

"Me kogi ya ci?" in ji Freda.

Majeed ya dubi bakin ramin da ya haɗiye ƙwayar. "Ƙugiyar," ya ce.

Nan take ta jawo takarda. Suna tsaye cikin ruwa, ta cikin leda mai raɓa, Majeed ya ga fensir ɗinta ya fitar da yatsu a kan igiya, ya fitar da kafaɗa, sai ga Awudu na hawa gadar, ɗamararsa wayam. Majeed ya buɗe baki, ruwa na shiga, bai rufe ba.

Abin da aka rasa ranar: silifas ɗaya, fasinjojin yamma, ƙwayar ludo ɗaya, da ƙugiyar Awudu.