Injin Haladu a Cikin Kacala

Haladu bai yarda da kowa ba a kan injinsa na ban ruwa, har da uwar 'ya'yansa. Ba na ganin laifinsa sosai. Bara ya hau motar haya da injin daga Hadejia, ya ɗan gyangyaɗa a hanya, sai a gona ya tarar an musanya masa kafireto da wani ruɓaɓɓe. Shinkafarsa ta rani ta bushe yana kallo. Idan ta bana ma ta bushe, sai dai ya sayar da gonar.

Shi ya sa da zai tsallaka da injin zuwa fadamarsa ta bayan Auyo, ya ɗauki hayar kwalekwalen wani dattijo mai suna Fannami, ya kuma zo da dabarar da sai shi. Ya naɗe injin da sarƙa, ya zagayo da ragowar a ƙugunsa, ya datse da kwaɗo. Wai ko barci ya sace shi, duk wanda zai ɗauki injin sai ya haɗa da mai shi. Fannami ya ce masa ba a ɗaure mutum da ƙarfe a kan ruwa. Haladu ya yi murmushi, don a ganinsa duk mai son a kwance kaya yana da dalili.

Bayan azahar suka shiga kacala, ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsawo. Ga rana a sama, amma ko tsuntsu ba ya kuka. Can sai suka fara jin ƙarar inji, tuf-tuf-tuf, a hankali. Haladu ya waiga hagu da dama, babu gona kusa, babu hayaƙi. Sai da ya dafa katakon kwalekwalen ya ji yana rawa, sannan ya gane daga ƙasa ƙarar take tasowa.

Fannami ya daina tura gora. Ya ce shekarun baya wani manomi ya kife a nan da injinsa, ya ƙi sakinsa, ba a ga ko hularsa ba.

"Malam Haladu, don Allah buɗe kwaɗon nan."

Tsoro ya riga ya kama Haladu, ga kunya. Ya faɗi gaskiya: ya ba ƙanensa Tasi'u makullin ya zagaya ta titi a babur, don ko an tsare shi da wuƙa kada ya iya buɗewa.

Bai rufe baki ba kwalekwalen ya karkata, babu iska, babu igiyar ruwa. Injin ya zame ya faɗa, ya fizgi mai shi.

Allah ya taimaka wurin ba zurfi. Haladu ya tsaya da ƙafafunsa, ruwa iya ƙirji, injin ya kafe a taɓo kusa da shi. Suka ja, suka ja, ko motsi. Dole Fannami ya bar shi shi kaɗai ya tafi neman Tasi'u.

Sai bayan la'asar suka dawo. Sun same shi da rai, amma taɓon ya ja shi, ruwa ya kai masa haɓa, yana ɗage da fuska sama kamar ɗan akuya a rijiya.

Tasi'u ya shiga ruwan, ya laluba sarƙar yana neman kwaɗon. Nan ya ji tana karkarwa a hannunsa, da ɗumi, irin ɗumin injin da ya wuni yana aiki. Da ƙyar ya iya zura makullin.

Da suka ɗora Haladu a kwalekwale, Tasi'u ya ɗauko igiya. Ya san ba su da wani injin, ga iri ya isa dashe.

"Yaya, bari mu ɗaura masa, gobe mu zo da mutane."

Haladu ya riƙe masa hannu.

"Bar wa manomin nan da ya nutse. Tun ɗazu yake lalubar ƙafata yana neman igiyar tayar da injin, da ya samu ya ƙyale ni."