Mai Tulun Zumunta

Afiniki na shigowa gidan ta tarar Baba Dogara ya riga ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin da gawar take, yana durƙushe yana warware igiya.

"Baba, sannu da haƙuri. Wannan tabarman na mene ne?"

"Na ɗan ƙanena ne," in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba. "Za mu naɗe shi mu kai shi kafin rana ya yi zafi. Ba kuka, ba kiɗa. Yaro ne."

Yaro. Afiniki ta ji kalmar har cikin haƙoranta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da wannan, tun Zamani bai fi tsayin turmi ba ta san shi, kuma da idonta ta ga furfura ta fito masa a gemu. Ta dubi Emilia, uwar mamacin, tana zaune a dandamali ta zuba hannuwa a cinya, ido a bushe. Emilia ba ta da ta cewa. Mijinta ya rasu tun bayan yaƙin basasa, gawa kuwa ta dangin miji ce, Dogara kuma shi ne wan mijin. Tun shekaranjiya ya zo daga ƙauyensu can wajen Nok, da ya ji ciwo ya tsananta, da asubar nan aka cika a gabansa.

A gidansu Dogara abin a fili yake. Wanda ya yi aure, ya haifa, ya yi noma, ya je wa mutane biki da makoki, shi ake yi wa akwati, a yi kiɗa, a taru, babban gida ya tsaya a bakin kabari ya faɗi ko wane ne. Yaro kuwa a tabarma ake naɗe shi, a kai shi shiru, uwa ta haɗiye kukanta ta dawo ta hura wuta. Afiniki ta san wannan sarai. Ta kuma san cewa tun da ta ji rasuwar ta aika layi-layi a kira matan zumuntar coci, kowace ta ɗauro zanen ƙungiya. Suna hanya. In tsohon nan ya kafe, a ƙofar gida za a mayar da su.

Zamani dai an haife shi da irin halittar nan da 'yan asibiti ke kira ciwon Daun. Gajere ne, wuya a dunƙule, idanu ƙanana, harshe mai nauyi, magana sai wanda ya saba da shi. A ƙauye ɗan ruwa suka ce masa, wai aljanin rafi ne ba mutum ba, har wasu tsofaffi suka kawo shawarar a kai shi bakin rafi a ajiye. Ubansa, ma'aikacin reluwe, ya kwaso mata da ɗa ya dawo da su Kafanchan bai sake waiwayar zancen ba. Likitan mishan ya ce da wuya yaron ya kai shekara goma. To, likita ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, Zamani na nan yana cin tuwon acca.

Amma zama kawai yake yi. Makaranta ba ta karɓe shi ba, ƙungiyar matasa ta coci ta ce ba za ta iya da shi ba, mawaƙan kwaya suka ce yana ɓata musu murya. Bayan rasuwar uban, Emilia ta rasa wanda za ta bar wa shi, sai ta fara janyo shi zuwa koyon waƙa na zumuntar mata, ran Alhamis, ƙarƙashin mangwaro a bayan coci. Yakan zauna gefe kan dutse da bokitin ruwan sha a gabansa. Ran nan Afiniki na ba da waƙa ta ji wani abu yana bin ta ta baya, dum, dum, bai wuce ba bai makara ba. Ta juya. Zamani ne da gindin bokiti, ya rufe ido, harshe a waje.

Ta tashi ta ɗauko babban tulun kiɗa daga hannun Hellen ta ajiye a gabansa.

"Mama shugaba, zumuntan mata ne fa, ba na maza ba," in ji Hellen. "Kuma irin wannan..."

"Ke da kike mata, shekara nawa kina kashe mana waƙa? Bar shi ya gwada."

Mata suka kwashe da dariya, Hellen ta yi fushin sati biyu, tulu kuma ya zauna a hannun Zamani. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka ɗinka masa riga da zanen zumunta, aka kira shi gaban jama'a ran Lahadi aka sa masa. Ranar bai yarda ya cire ta ba har barci. Daga nan ba aure, ba suna, ba makoki da zumunta za ta je babu shi. Shi ke riga kowa zuwa, ya share gindin mangwaro, ya jera benci. In mace ta makara sai ya nuna mata rana da yatsa ya girgiza kai, ita kuma ta ce, "Yi haƙuri, Baban zumunta." Ba waliyyi ba ne, kar a ce an faɗa. Yana da rowar nama, yana da riƙo, wanda ya taɓa masa tulu ba izini sai ya yi wata bai gaishe shi ba.

Da damina ta faɗi bana ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya gajarta. Asibiti suka ce zuciya ce ta gaji. Alhamis ɗin ƙarshe da ya kasa tashi, matan suka ɗebo kayan kiɗa suka zo nan tsakar gidan. Aka kai masa tulu bakin gado, yana kwance yana taɓa shi da yatsu biyu. Ana cikin waƙa sai aka ji muryarsa daga ɗaki, a shaƙe.

"Mama Hellen. Gudu. A hankali."

Hellen ta yi dariya har ta koma kuka, ta fita bayan gida ta fyace hanci ta dawo.

Wannan mutumin ne ake so a naɗe a tabarma. Afiniki ta gyara ɗaurin zani ta durƙusa gefen Dogara, don ko rai ya ɓaci ba a yi wa babba magana a tsaye.

"Baba, Zamani ya wuce talatin da biyar. Ina yaro a nan?"

"Shekara ba shi ne mutum ba, 'yata. Ya yi aure? Ya haifa? Ya taɓa riƙe fartanya?"

"Membanmu ne. Zumunta ba ta barin memba ya tafi shiru. Kafinta na coci ya ce zai yi akwati, fasto ya yarda a shigo da shi."

Dogara ya ajiye igiya. Sai yanzu ya dube ta, sai ta ga ba mugunta ba ce a idonsa, gajiya ce.

"Ke ba ki san abin da muka sha ba. Har yau a ƙauye gidan ɗan ruwa ake ce mana. 'Yata ta fari sai da aka fasa aurenta saboda wannan. Yanzu kina so in sa a buga kiɗa a gari, a ce Dogara ya yi wa wawa makokin dattijo? Masu zuwa ma kallo za su zo, su je su ba da labari. Ni na fi so in rufe shi da mutuncinsa, ba wanda ya yi masa dariya."

Maganar ta taɓa Afiniki, don ita ma ta sha jin dariyar, ta sha korar yara da dutse a hannu. Jirgin kaya ya yi kuka daga tasha, kaji na tono a gindin gwanda. Sai Emilia ta yi magana daga dandamali, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, duk rayuwansa na yarda da raini don a zauna lafiya. Yau kam ban yarda ba."

"Emilia, ba raini ba ne. Al'ada ne. Wanda ya je wa mutane shi mutane ke zuwa masa. Wannan wa ya taɓa je wa? Wa ya taɓa binnewa?"

"Matarka," in ji Afiniki.

Tsohon ya juyo.

"Mama Catherine, Allah ya ba ta hutu. Shekaran da ta rasu mun zo ƙauye, ka manta? Mota ya sauke mu a Kwoi saboda laka, muka tako da ƙafa. Wa ya ɗauko tulu a kai har ƙofan gidanka? Mun ce ya kawo mu taimaka, ya ƙi. Daga safe har rana ya faɗi yana bugawa, matan ƙauyenku suna rawa. Da muka dawo hannunsa ya kumbura, kwana da kwanaki uwarsa ke ba shi abinci a baki. Na ce masa, Zamani, me ya sa ba ka huta ba? Ya ce, Mama na Baba ne. Kai yake nufi."

Dogara ya sunkuyar da kai.

"Na ji kiɗan," ya ce a hankali. "Ina cikin ɗaki ranar, ban iya fita ba. Na ji shi har yamma. Na ɗauka mai kiɗa kuka ɗauko daga gari."

"Ɗan ƙanenka ne."

Ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyi na ƙara, ya shiga ɗakin. Afiniki ta bi shi ta tsaya a bakin ƙofa. Zamani na kwance an rufe shi da farin zane, fuskarsa lumui. Tsohon ya ɗaga gefen zanen ya ciro hannun dama, ɗan gajeren hannu mai kaurin yatsu, ya juya tafin sama. Kanta ce tun daga gindin yatsu har wuyan hannu, ta yi tauri ta yi baƙi. Ya shafa ta da babban yatsa, ya buɗe nasa tafin na manomin citta ya kara kusa, ya duba wannan ya duba wancan. Sannan ya mayar da hannun ya rufe.

Da ya fito, shi da kansa ya naɗe tabarmar ya jingine ta a bango.

"Kafintan nan, ina yake?"

Matan na isowa a lokacin, layi guda tun daga kan kwana, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Hellen ce a gaba, ta rungumo babban tulun ta ɗaura masa baƙin ƙyalle a wuya. Emilia na ganinsu ta saki kukan da ta riƙe tun asuba, ba kuma wanda ya ce ta yi shiru.

Afiniki ba za ta ce duk Kafanchan ta zo ba, ba ta son ƙari. Akwai waɗanda suka leƙo ta taga suka koma, akwai 'yan kallo a bakin hanya, kamar yadda tsohon ya faɗa. Amma coci ta cika har waje. Abokan aikin ubansa na reluwe suka zo da kakinsu suka ce su za su ɗauki akwati. Zumuntar wasu coci biyu suka zo da nasu zanen. Matan da ya yi wa kiɗan aure suka zo da goyo. An sa masa rigarsa ta zumunta, wadda ta koɗe ta sha faci a hammata. Da aka fito da shi Afiniki ta ba da waƙa, mata suka amsa, aka bi titi a hankali. Tana tafe tana kuka, amma kanta a sama yake. Ko ranar auren ɗanta ba ta ji alfahari irin na yau ba.

A maƙabarta aka tarar da 'ya'yan Dogara biyu, magidanta, zaune a kan tulin ƙasa. Tun da safe ya aiko su, sun kuwa yi abin da aka sa su: ɗan rami a can gefe kusa da shinge, zurfinsa bai kai ƙugu ba. Suka ga taro, suka ga akwati, suka miƙe suna kallon ubansu.

Dogara ya tsaya a bakin ramin ya leƙa.

"Wannan ba zai yi ba," ya ce. "Babba muka kawo."

"Baba, kawo mu ƙara."

"Ku jira. Ni zan fara."

Ya cire hularsa ya miƙa wa Emilia, ya tuɓe rigarsa ta zuwa coci ya ninke ya ɗora a kan shinge. Ya karɓi diga, ya zauna a bakin ramin, ya zura ƙafafu ya sauka. Masu akwati suka ajiye shi a inuwar ɗorawa. Matan suka zazzauna a kan ciyawa, aka daina waƙa. Afiniki ta zauna kusa da Emilia ta riƙe mata hannu, suna jin diga na cin jar ƙasa, suna kallon farin kan tsohon yana sunkuyawa yana ɗagowa.