Yajin Mairamu a Waya

Mairamu ta rasu ta bar wa mijinta Malam Dalhatu turmi, da buhun citta, da masu sayen yaji da suka daina zuwa. Ba yajin ne ya lalace ba. Ya daɗe yana kallon hannunta, haɗin ya zauna masa. Matan unguwar Dawaki ne ba za su shiga gidan da babu mace ba. Sun yi gaisuwar mutuwa, sun koma sayen na kanti. In haka ta ɗore, sana'ar za ta bi mai ita.

Chidiogo, 'yar maƙwabcinsa Amobi, ita ta ce za ta buɗe masa shafin intanet, mata su saya daga ɗakunansu. Ta ce aikin mako guda ne. Damina ta shigo ta fita ana mako gudan.

Ranar da ta kawo masa, ya sa tabarau ya duba. Ga hoton wata Baturiya tana yi wa kwalba dariya. A ƙasa an rubuta: Yaji mafi inganci a Arewa.

"Wannan baiwar Allah ta taɓa cin yaji kuwa?"

"Baba, haka ake yi. Dole ka yabi kayanka."

"Na koyar da yara har na yi ritaya, ban taɓa ganin wanda ya ba kansa maki ya ci jarrabawa ba. Cire ta."

Ta cire. Ta zauna a bakin tabarma, ta tura masa wayar. "To kai ka faɗa. Me ya sa za a sayi naka?"

Ya jujjuya wayar a hannu. Mutumin da ya cika ɗaki da littattafai, amma bai iya yabo ba. Matar ma bai taɓa yabonta a gaban mutane ba, balle barkono.

"Ni dai na san ba ta miƙa wa kowa ƙulli sai ta tambaya wa zai ci," in ji shi can. "Mai jego, a ƙara kimba da masoro. Tsoho mai gyambon ciki, a rage barkono. Naki shafin kuwa, danna, biya, tafi."

Chidiogo ta jawo wayar. "Da Mama ta haifi ƙanena Chibuikem ma marigayiya ta tambaya. Ni aka aika."

Ta goge ingancin Arewa gaba ɗaya. Ta bar suna, da hoton turmin, da layi ɗaya da gurbin amsa a ƙasansa: Wa zai ci?

Saƙon farko daga garin Kwadon ya zo, bayan la'asar. Wata Hikima ce. Ta rubuta: "Ni ce mai jegon. Inna ta ce yajin Mairamu ta ci da ta haife ni. Mun ɗauka an daina."

Malam Dalhatu ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya ce rubutun wayar nan ya cika ƙanƙanta. Sannan ya jawo kwanon kimba.