Ƙafar Alƙali

Shagon na su biyu ne, gado daga mahaifinsu. Babban yana ɗinka takalma sau-ciki a ɓangaren dama, kowa Baduku yake ce masa. Ƙaramin tela ne, yana ɗinka kwat da wando a ɓangaren hagu, kuma duk da furfurar da ta cinye masa gemu, yayansa bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Tsakaninsu akwai dogon benci na masu jiran aiki. Yanzu kyanwar maƙwabta ce ke barci a kansa.

Wani mai sayar da wayoyi ya daɗe yana neman shagon. Tela yana so a sakar masa, Baduku ba ya so, shagon kuma ƙofa ɗaya gare shi, ba ya rabuwa. Da aka yi shelar baje kolin takalman maza da kwat a babban birni, sai suka yi sharaɗi a gaban babbar yayarsu. Idan suka dawo da aiki, ko na mutum ɗaya ne, za a ci gaba. Idan suka dawo hannu rabbana, a miƙa makulli, babu sauran gardama.

Baduku yana da tsarin aikinsa. Duk wanda ya zo, sai ya tsayar da shi babu safa, ya zana ƙafarsa, ya danna nan ya danna can, ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Sannan ya sassaƙa ƙafar mutumin da katako, dama da hagu, a kanta zai ja fata ya ɗinka. Idan ya gama sai ya rataye katakon a bango, ya jira ranar da mutumin zai dawo. Yana kuma da wata ɗabi'a mara kyau. Duk wanda ya gani a hanya sanye da takalmin kanti, ranar zai sauke ƙafarsa daga bango, ya aika wa mai gidan burodin bayansu ya hura wuta. Shi yana kiran wannan mutunci. Girman kai ne, ba shi da wani suna.

"Yaya, na nunawa za ka yi fa," in ji Tela tun ana shiri. "Na kowa da kowa."

"Na ji."

"Ka ji da kunne, ko ka ji da gaske?"

"Auta, kana tsotsar yatsa nake riƙe da basilla. Ka ji da kekenka."

Tela ya ji da kekensa. Bai sake leƙa ɓangaren dama ba, domin ƙane ba ya bincikar aikin yayansa, ko da kuwa abincin 'ya'yansa ne a ciki.

Zauren baje kolin ya fi duk abin da suka zata. Fitilu ko'ina, kafet ja shimfiɗe tsakanin rumfuna, ƙamshin turare ya danne ƙamshin fata. Samari suna kai da komo cikin kwat matsattsu, kowa waya a hannu.

"Wancan wandon nasa wanki ne ya cinye shi, ko yadi ne bai isa ba?" Baduku ya tambaya. "Dubi idon sawu a waje. Ko safa babu."

"Yayi ne, Yaya. Rage murya."

"Yayin tsiya."

Rumfarsu tana can ƙarshe, kusa da ƙofar banɗaki. Tela ya sa wa mutum-mutumi kwat mai ruwan toka, ya gyara kafaɗa, ya goge maɓallai. Baduku ya jera takalmansa a kan farin ƙyalle, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, suna ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa. Gaskiya dai, a duk zauren babu aikin da ya kai nasa. A rumfar da ke gefensu wata mata ce mai sayar da laktaye, bakinta ba ya hutawa.

"Baba, ka ɗan yi murmushi mana," ta ce. "Kasuwa aka zo, ba zaman makoki ba."

"Takalmi na kawo, ban kawo haƙora ba."

Mutane suka yi ta wucewa. Wasu su ɗaga takalmi su ɗauki hoto su ajiye, wasu su tambayi hanyar banɗaki. Har rana ta yi tsaka babu wanda ya zauna.

Can sai ga wani mutum mai ƙiba, da ma'aikatansa biyu a bayansa. Mai laktaye ta raɗa wa Tela cewa wannan shi ne mai manyan kantunan kayan maza, ba garin da ba shi da reshe. Mutumin ya wuce kwat ɗin Tela da kallo ɗaya, ya tsaya a kan takalma. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya bi ɗinkin da farce, ya shinshina cikinsa. Ya san abin da yake dubawa.

"Aikin hannu ne, Baba?"

"Hannu ne."

"Rabona da ganin irin wannan ɗinkin tun ina yaro. Ina da masu saye da ke neman irinsa, na rasa mai yi. Ku ba ni kujera."

Tela ya kawo kujera, har ya goge ta da hannun rigarsa. Mai kantuna ya cire nasa, ya zura ƙafa cikin wani mai ruwan ƙasa. Damar ta zauna. Hagun kuwa, wajen babban yatsa akwai wani kumburi kamar aljihu, ƙafarsa tana yawo a ciki.

"Wannan ya yi mini wani iri. Ba ni baƙin can."

Ya sa baƙin, ya ɗaure igiya, ya miƙe ya taka kafet. Sai ga shi yana tafiya a karkace, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa. Ma'aikatansa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Mai laktaye ba ta danne tata ba. Masu wucewa suka fara tsayawa.

"Dunduniya ɗaya ta fi ɗaya tudu!" in ji mai kantuna. "Baba, lamba nawa ce wannan?"

"Ba shi da lamba. Ƙafar Hedimasta ce. Hagunsa ta gaza damar, sai na ƙara masa a dunduniya. Bai taɓa ɗingishi a gaban ɗalibansa ba."

"Na farkon fa?"

"Ƙafar Alƙali ce. Yana da ƙullutu a gindin babban yatsa. Wancan kuma na Direban jirgin ƙasa ne, bayan ƙafarsa tudu gare shi."

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai yanzu ya gane. Yayansa bai taɓa ɗinka takalmi babu ƙafa ba, bai ma san yadda ake yi ba. Da aka ce ya yi na nunawa, sai ya miƙa hannu bango ya zaɓo ƙafafun mutanen da yake girmamawa, ya ɗinka a kansu.

Mai kantuna ya koma ya zauna. Bai yi fushi ba, abin dariya ma ya ba shi.

"To ba komai, Baba. Hannun nake so. Za ka iya yi mini su a lamba, daga ƙarami zuwa babba?"

Tela ya taka ƙafar yayansa a ƙarƙashin tebur. Kalma ɗaya ake nema a wurin, sauran a gyara a gida.

"Wace ce lamba?" in ji Baduku. "Kawo ta in auna ta. Auta, ɗauke ƙafarka daga kan tawa."

"Ranka ya daɗe, zai iya," Tela ya yi sauri ya ce. "Wallahi zai iya. Wasa yake yi."

"Ni sa'an wasanka ne?"

Mai kantuna ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Bari dai. Shi Alƙalin, haɗa ni da shi. Ina so in ji daga bakinsa yadda takalmin yake daɗewa."

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Hedimastan fa?"

"Shi ma."

"Direban?"

"Shi ya riga su."

"Baba, cikin duk waɗannan da ka jera, wa ke da rai?"

Baduku ya bi teburin da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Yana da laifuffuka da yawa, amma ƙarya ba ta cikinsu.

"Babu."

Dariyar ta ɗauke. Mai kantuna ya sunkuya ya kwance igiyar, ya zare takalmin Hedimasta ya ajiye a hankali.

"Sababbi ne, ranka ya daɗe," in ji Tela. "Ba wanda ya taɓa sa su, na rantse."

"Na sani. Ba tsoro na ji ba." Ya sa nasa takalmin ya miƙe. "Amma Baba, lamba ka ce ba ka santa ba, masu sayenka kuma duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ni ba ni da reshe a can."

Ya tafi. Wani saurayi da ya ɗauki komai a waya ya tafi shi ma. Kafin wani lokaci labari ya zagaye zauren, kuma bai zagaya da gaskiyarsa ba. Aka ce akwai wani tsoho can ƙarshe da ke sayar da takalman matattu. Da ya kai bakin ƙofa, cewa ake daga ƙafar gawa yake cirowa. Haka mutane suke, ƙaryar ta fi musu daɗi. Wasu suka zo suka tsaya daga nesa suna nuni da baki. Ba wanda ya sake taɓa takalmin, ba wanda ya taɓa kwat ɗin Tela, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai laktaye ta ja teburinta ta matsa gefe.

"Ka yi haƙuri, Baba," ta ce. "Ni ma 'ya'ya gare ni."

Tela ya zauna a kujerar da mai kantuna ya bari, ya dafe kai.

"Yaya, me ya sa? Duk bangon nan ka rasa ƙafar mai rai guda ɗaya?"

"Na duba."

"Ka duba sai me?"

"Na duba daga sama har ƙasa, Auta. Taka ce kawai."

Tela ya ɗago. Ya tuna ƙafafun da aka yi ta kai wa mai gidan burodi shekara da shekaru. Duk mai ran da ya taɓa sayen na kanti an ƙone ƙafarsa ta katako. Waɗanda suka rage a bango su ne waɗanda mutuwa ta hana su saɓa wa Baduku.

"To ka yi a kan tawa mana!"

"Taka kamar faranti take. Ba ta nunawa ba ce."

Tela ya yi wata dariya mara daɗin ji, ya tashi ya bi bayan mai kantuna. Ya daɗe bai dawo ba. Baduku ya zauna shi kaɗai yana goge takalmin Hedimasta, inda kafet ya ɗan taɓa tafinsa. Da Tela ya dawo, bai iya haɗa ido da shi ba.

"Ya ce ba ya son kwat ɗina, nasa daga waje ake kawowa. Amma yana neman mai rage hannun riga da ƙafar wando a bayan kanti."

"Kai da ka yi wa manya kwat tun daga yanka har maɓalli, za ka koma rage wando?"

"Rage wando ana cin abinci da shi, Yaya."

"Aikin a shagonmu za a yi?"

"A'a."

Aka rufe baje kolin. Suka naɗe takalman a tsofaffin jaridu kamar yadda suka kawo su, ko ɗaya ba a saya ba.

A gida babbar yayarsu ta saurari labarin, ta ce sharaɗi sharaɗi ne. Baduku bai yi gardama ba. Ranar miƙa makulli ya zo da buhuna, ya hau benci yana sauke ƙafafun katako, yana ɗaure kowace da 'yar'uwarta don kada su ɓace wa juna. Ɗakinsa na haya ba zai ɗauke su ba, ya sani, amma ya ci gaba da zubawa a buhu. Mai wayoyi yana waje da mai fenti, suna auna bango.

Tela ya shigo ɗaukar kekensa, sanye da rigar ma'aikatan kantin. Baduku bai kalli rigar ba. Idonsa ƙasa ya tafi, kamar kullum. Baƙin takalmi ne na inji, an manna tafinsa da gam, ya matse faffaɗar ƙafar har ta kumburo ta gefe.

"Doka ce, Yaya," in ji Tela. "Duk ma'aikaci nasu zai sa."

"Yana cizonka a ƙaramin yatsa."

"Zai saki."

"Ba zai saki ba."

Ƙafa ɗaya ta rage a bango, dama da hagu, faffaɗa kamar faranti. Baduku ya sauke ta ya riƙe. Tela ya miƙa hannu.

"Ba ni in ajiye. Wata rana..."

Baduku ya wuce shi ya fita ta lungu. Mai gidan burodi yana tsugune a bakin tanda, ya karɓi katakon ya jinjina shi a hannu.

"Wa ya yi laifi kuma yau, Baduku?"

Baduku ya nuna masa tandar. Ya tsaya har sai da wutar ta kama, sannan ya dawo ya miƙa wa mai wayoyi makulli. Ya jawo buhunan zuwa bakin titi, ya zauna a kan ɗaya. Mai kura ya tsaya ya tambaye shi ina za a kai kayan, Baduku ya ce ya ɗan jira tukuna.